Mustapha Mai Gyara Doka

Karatu ne ya kai Mustapha birnin Riyad, da niyyar in ya gama ya koma Gumel ya zama alƙali ko malamin makaranta. Ya gama ɗin kuwa, amma bai koma ba. Wani ƙaramin kamfanin dillancin hannun jari da ke unguwar Olaya yana neman wanda ya iya Larabci da Turanci, abokin karatunsa ya kai sunansa, aka gwada shi da shafi biyu, washegari aka ba shi tebur kusa da inda ake dafa shayi. Tun daga nan aikinsa ya zama fassara. Abin da ya zo da Larabci ya mai da shi Turanci, abin da ya zo da Turanci ya mai da shi Larabci, da yamma ya koma gida ya yi Hausa da matarsa Hajar. 'Yarsu Rabi'atu kuwa, wadda aka haifa a can, in ya yi mata Hausa sai ta ba shi amsa da Larabcin 'yan Riyad, har tana gyara masa lafazi.

Suna zaune ne a unguwar Suwaidi, hawa na biyu, saman shagon wani mai gyaran waya. A ƙasansu akwai Alhaji Maikuɗi da matarsa Gogo. Alhaji Maikuɗi direban wasu attajirai ne a unguwar Badi'a, ya shigo ƙasar tun Mustapha yana firamare, kuma babu Bahaushen da zai sauka a Riyad ya yi mako bai ji sunansa ba. Shi ke sanin wanda ya haihu, da wanda aka kama, da inda ake sayar da daddawa mai kyau. Labari in ya shiga kunnensa da safe, kafin la'asar ya kai unguwar Sulai da ke can wani gefen gari, ya kuma yi ƙiba a hanya.

A shekarun nan ne aka buɗe wa manyan masu zuba jari na ƙasashen waje ƙofar kasuwar hannun jari ta ƙasar, sai aikin Mustapha ya ninka. A kasuwar akwai wata cibiya da ba a cika jin ɗuriyarta ba, amma duk ciniki sai ya bi ta hannunta. In wani ya sayar wani ya saya, ita ce ke tsayawa tsakani ta tabbatar hannun jarin ya koma sunan mai saye, shi kuma mai sayarwa haƙƙinsa ya isa gare shi. Tana da dokokinta, littafi guda mai kauri, amma ba ta da ikon canja ko layi ɗaya a ciki da kanta. Sai ta rubuta abin da take so, ta baza shi kowa ya gani ya faɗi ra'ayinsa, ta gyara abin da za ta gyara, sannan ta miƙa wa Hukumar da ke sa ido kan kasuwa. In Hukuma ta amince, ya zama doka. In ba ta amince ba, takarda ce kawai.

Wata ranar Lahadi da safe, farkon makon aiki ke nan a can, shugaban kamfanin, Ustaz Nawaf, ya ajiye wa Mustapha tarin takardu a tebur.

"Cibiya ta fitar da sabon daftari," in ji shi. "Ka juya shi Turanci, a aika wa abokan cinikinmu na waje. Kada ka ƙawata, yadda yake a bushe haka za ka bar shi."

Mustapha ya bar shi a bushe. Yawancin abin da ke ciki bai tayar wa kowa hankali ba, sai sakin layi ɗaya. An rubuta cewa duk baƙon da aka yi ciniki da sunansa, dole ya tabbatar da cinikin ko ya ƙi shi kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar washegari, agogon Riyad. In lokacin ya wuce bai ce komai ba, an ɗauka ya yarda.

Ba a kwana biyu ba wata mata ta bugo waya daga New York, ma'aikaciyar wani babban asusu da ke ciniki ta hannun kamfanin. Mustapha aka haɗa ta da shi.

"Ka san ƙarfe nawa ne a wajenmu in sha ɗaya ta yi a wajenku?" ta tambaya.

Mustapha ya duba agogunan da ke jere a bango ya ce, "Ba a kira asuba ba ma."

"Ban san me ake kira ba, amma ni ina barci. Ka faɗa musu ina barci."

Ya faɗa wa Ustaz Nawaf tana barci. Ustaz Nawaf ya yi dariya har ya ajiye kofinsa, ya kira lauyan kamfanin, wani ɗan Sudan mai suna Ustaz Bashir, ya ce a sa maganar cikin ra'ayoyin da za su aika wa Cibiya, a nemi a mai da lokacin ƙarfe uku na yamma. Ustaz Bashir ya rubuta, Mustapha ya goge, ya sa waƙafi inda babu, aka aika. Iyakar hannunsa a ciki ke nan.

Sai Cibiya ta kira taro a wani otal, domin ta ji daga bakin kamfanoni. Ana gobe taron, mahaifiyar Ustaz Nawaf ta ce lallai shi zai kai ta biki garin Buraida, ba direba ba. Ustaz Bashir kuma yana da zama a kotu. Suka dubi juna, suka dubi teburin da ke kusa da shayi.

"Karantawa kawai za ka yi," in ji Ustaz Nawaf. "Ka miƙe, ka faɗi sunan kamfani, ka karanta, ka zauna. In sun yi maka tambaya ka ce za mu amsa a rubuce."

Da ya faɗa wa Hajar, sai ta nufi akwati. Ta fito da shaddarsa ruwan toka wadda bai sa ba tun sunan Rabi'atu, da hularsa zanna bukar.

"Kwat zan sa," in ji shi.

"Malam, kwat ɗin nan ta gaji. Kuma in za ka tsaya gaban manya, ka tsaya a san daga inda ka fito."

Haka ya shiga zauren otal ɗin, mutum ɗaya mai hula cikin tarin fararen jallabiyoyi da baƙaƙen kwat. Sanyin na'ura yana ratsa shadda. Wata ma'aikaciyar Cibiya, Ustaza Rim, ita ke jagorantar zaman, tana kiran kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Wakilin wani babban banki ya miƙe ya yi magana kan ƙarfe goma sha ɗaya. Na bayansa ma haka. Wani Bature ya zo da taswirar duniya a allo, ya nuna inda rana take da inda ba ta, duk dai kan ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin a zo kan Mustapha an tatse maganar tas.

Ya miƙe duk da haka, tunda abin da aka aiko shi ke nan. Lasifika ta yi ƙara, ya ja baya, ya sake matsowa. Da ya ji Larabcinsa na jami'a yana fita sumul, mutane har suna juyowa su ga mai hular nan, sai ya saki jiki. Ya ƙare ya tsaya.

"Mun gode, Ustaz," in ji Ustaza Rim. "Kamfanoni da yawa sun kawo wannan. Mun rubuta, za mu duba, sannan Hukuma ta ga abin da ta gani."

Shi ke nan. Ya zauna, aka fita shan shayi, ya ci dabino da wani abu mai zuma a ciki, ya koma ofis. Da yamma Cibiya ta sa hotunan taron a shafinta. A cikinsu akwai ɗaya da aka ɗauke shi yana tsaye, lasifika a gabansa, ya ɗaga yatsa sama. Shi ya san gilashinsa yake shirin gyarawa, amma a hoto sai ka rantse gargaɗi yake yi.

Ya nuna wa Hajar. Hajar ta tura wa Gogo ta waya. Gogo ta nuna wa Alhaji.

Ranar Juma'a, ana sallame salla, Mustapha yana neman takalminsa a ƙofar masallaci, sai ya ji an riƙe masa hannu.

"Ga shi nan!" in ji Alhaji Maikuɗi da ƙarfi, yana jan sa wajen da Hausawa ke taruwa a inuwar wani shagon kayan gini. "Wanda nake ba ku labari. Ya tsaya gaban hukuma ya ce dokarku ba ta yi ba. Ku dubi yatsa!"

Wayar tana zagayawa hannu zuwa hannu. Wani ya ce tun da ya ga yaron nan ya san ba a banza yake shiru ba. Wani ya ce ai 'yan Gumel haka suke.

"Baba Alhaji, ba haka aka yi ba," in ji Mustapha. "Ra'ayin kamfani ne na karanta. Kuma ba hukuma ba ce, Cibiya ce. Kuma ba a canja komai ba tukuna."

"Sun ce za su duba ko ba su ce ba?"

"Sun ce."

"To! Ni shekarata nawa a ƙasar nan, wa ya taɓa ce mini zai duba?"

Aka yi dariya, aka tafa. Mustapha ya sake buɗe baki zai yi bayani, amma wani ya riga ya miƙo masa lemo mai sanyi, wani ya matsa masa a benci. Ya zauna. Gaskiya benci ya yi masa daɗi.

Makonnin da suka biyo baya sun yi masa daɗi ma fiye da benci. A wajen sunan ɗan wani tela, aka zuba masa shinkafar Larabawa, kabsa, aka ɗora masa cinyar rago guda. Mai gyaran wayar ƙasansu, wanda ba Bahaushe ba ne ma, ya fara kiran sa Mustashar, wato mai ba da shawara. In an tambaye shi yaya dokar, sai ya gyara zama ya ce, "Tana gaban Hukuma," da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Ba ƙarya yake yi ba, tana gaban Hukumar. Sai dai ya daina ƙara sauran bayanin.

Hajar tana kallonsa. Wata rana yana gyara hula a madubi zai tafi shago sayen burodi, ta ce, "Ranka ya daɗe, in an dawo daga majalisa a taho da madara."

"Ke ce fa kika tura hoton."

"Hoto na tura. Yatsan naka ne."

Ranar wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji Maikuɗi ne, tare da wani dogon mutum siriri, hannuwansa duk baƙin mai ya kama gefen farce. Alhaji ya ce sunansa Dawuda, mutumin Maraɗi, yana gyaran na'urar sanyaya mota a wani gareji a Sulai. Ya gabatar da shi, ya ce ana jiran sa a Badi'a, ya sauka.

Dawuda ya zauna a bakin kujera kamar za ta ƙone shi. Hajar ta kawo shayi ta koma ciki. Sai da aka gaisa aka sake gaisawa sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu tun bara. Kafilinsa, mai garejin da ya ɗauko shi, shi ne ya kamata ya sabunta ta, amma kullum sai ya ce gobe. Yanzu ma garejin ya kusa rufewa, mutumin ya koma harkar wani abu a Jidda, ba ya ɗaukar waya. Dawuda ba ya iya fita nesa da Sulai don tsoron a tare shi. Zuwan nan ma a bayan motar Alhaji ya kwanta. Matarsa Delou ta haihu bayan tahowarsa, yarinya har ta fara tafiya, a waya kawai ya san ta.

"Shi ne Alhaji ya ce kai kana gyara doka," in ji shi. "Ni ba abu babba nika so ba, Malam. A gyara ta yadda in kafili ya ɓace, mutum shi samu hanya. In ka shiga wurinsu ka hwaɗa musu."

Mustapha ya tuna da cinyar ragon nan. Ya dubi mutumin, ya ga ba wasa a fuskarsa, ba kuma roƙo irin na maroƙa. Ya zo ne wajen wanda aka ce masa yana iyawa.

"Malam Dawuda," ya ce, "bari in faɗa maka yadda abin yake, don kada ka koma da abin da babu. Ka san kara, inda ake cinikin shanu?"

"A kara na girma."

"To, ka san in an yi ciniki akwai wanda ke riƙe igiya, ba ya sakin ta ga mai saye sai komai ya kammala. Wurin da na je, aikinsu ke nan, sai dai su ba shanu ba ne, hannun jarin kamfanoni ne. Su ne suka ce suna son canja lokacin da ake sakin igiya. Ba su da ikon canjawa su kaɗai, sai suka tambayi dillalai. Dillalai suka yi ta magana, ni ma aka aike ni na karanta ta kamfaninmu, bayan mutane da yawa sun riga ni faɗa. Yanzu sun kai wa sarkin kasuwa, shi zai ce e ko a'a. Ban san shi ba, bai san ni ba. Kuma ko ya san ni, shi kasuwa kawai yake riƙe da ita. Maganar iƙama tana wani ofis daban."

Dawuda ya juya kofi a hannu.

"Yatsan hwa?"

"Gilashi nake gyarawa."

Dawuda ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda mutum bai shirya mata ba. Ya yi ta har ya share ido da bayan hannu. Mustapha ma ya taya shi, kunya tana sauka kaɗan-kaɗan.

"To ai shi ke nan," in ji Dawuda, ya ajiye kofi zai miƙe. "Na gode da ka hwaɗi gaskiya. Wani da sai shi ce in dawo jibi."

"Zauna tukuna. Doka ba zan iya gyara ta ba. Amma karanta ta, wannan shi ne abin da nake ci da shi. Ka ba ni zuwa gobe."

Washegari a ofis ya tare Ustaz Bashir wajen shayi ya ba shi labarin. Lauyan ya saurara yana motsa sukari, ya ce ba fanninsa ba ne, amma a saninsa akwai hanyar da ma'aikaci zai koma hannun wani kafilin ba tare da yardar na farko ba, in na farkon ya bar takardunsa suka mutu. Ya kira wani abokinsa da ke irin wannan shari'a, ya tabbatar, ya faɗa wa Mustapha ofishin da za a je da abin da za a riƙa.

"Amma sai an samu wanda zai karɓe shi," in ji Ustaz Bashir. "Mai gareji mai rajista, wanda takardunsa suke lafiya. Wannan ba aikin lauya ba ne, aikin wanda ya san mutane ne."

Mustapha ya san wanda ya san mutane. Da yamma ya sauka ƙasa ya samu Alhaji Maikuɗi yana wanke mota. Ya faɗa masa komai, har da maganar gilashi. Alhaji ya matse tsumma ya ce shi wannan bai dame shi ba, tawali'u ne irin na masu ilimi. Amma da ya ji ana neman mai gareji, sai ya ajiye bokiti ya ɗauko waya. Ya kira wani direba, direban ya ba shi lambar wani mai sayar da taya, mai taya ya ce ƙanin matar maigidansa yana da gareji a hanyar Haraj kuma mai gyaran sanyinsa ya koma ƙasarsu. Kafin a kira magariba an sa ranar da za a kai Dawuda a gwada hannunsa.

An gwada shi da wata tsohuwar mota da ta gagari mutum biyu. Ya saurare ta, ya kwance wani abu, ya hura, ya ɗaure, sanyi ya taso. Mai garejin ya ce yana so.

Daga nan sai jira. Mustapha ya rubuta takardar koke da Larabcin da ya fi na taron otal kyau, ya ɗauki rabin yini daga aiki ya raka Dawuda ofishin ma'aikata. Aka ba su lamba, suka zauna, aka kira su, aka ce a kawo wata takarda daga sabon garejin. Suka kawo, aka ce za a nemi tsohon kafili a ji ta bakinsa. Dawuda ya koma Sulai yana kiran Mustapha duk bayan kwana biyu, ba don ya matsa masa ba, sai don ya ji ko akwai labari.

Ita ma dokar Cibiya tana nata jiran. Ustaz Nawaf ya ji a bakin abokansa cewa Hukuma ta mayar wa Cibiya da daftarin da tambayoyi: in an ɗaga lokacin, shin bankuna za su iya kammala nasu aikin kafin a tashi? An gwada na'urorin kuwa? Cibiya ta amsa, ta kira kamfanoni gwaji ranar wata Asabar, aka yi cinikin ƙarya na wuni guda don a ga ko wani abu zai karye. Wani abu ya karye, aka gyara, aka sake. Matar New York tana bugowa lokaci-lokaci ta tambayi Mustapha ko ta sayi agogo mai ƙararrawa. Yakan ce mata ta dakata, ba a sa hannu ba.

A masallaci kuwa, in an tambaye shi yaya doka, ya koma ba da amsa doguwa. Yakan fara daga igiya, ya bi ta dillalai, ya zo kan gwajin na'ura. Kafin ya kai Hukuma yawanci an watse, saura wani tsoho ɗan Zinder da ba ya ji sosai, yana gyaɗa kai. Cinyar rago ta daina zuwa. Hajar ta ce ko ba komai hularsa ta huta.

Sanarwar ta fito ne wata Alhamis da rana. Hukuma ta amince da sababbin dokokin, ta sa ranar da za su fara aiki. Ustaz Nawaf ya buɗe takardar a kwamfuta, su uku suka sunkuya suna neman sakin layin nan. Ba sha ɗaya ba ce, ba kuma ukun da suka nema ba. Ƙarfe ɗaya na rana aka sa.

"Rabi," in ji Ustaz Bashir.

"Rabin ma a hannun Hukuma alheri ne," in ji Ustaz Nawaf. "Mustapha, juya shi Turanci, a aika."

Ya juya, ya aika. Matar New York ta amsa da layi biyu, ta ce yanzu aƙalla za ta iya yi da kofin kofi a hannu, ta gode wa duk wanda ya yi magana. Mustapha ya karanta sau biyu, ya ji daɗi daidai gwargwado.

Ta Dawuda ta fi daɗewa. Tsohon kafilin bai amsa kira ba, wa'adin da aka ba shi ya cika, aka mai da Dawuda hannun sabon garejin. Ranar da katin ya fito, bai kira a waya ba. Ya hau motar haya shi kaɗai tun daga Sulai har Suwaidi, a kujerar gaba, ya sauka a babban titi ya ƙarasa da ƙafa yana kallon shaguna. Ya hau bene ya ƙwanƙwasa, Rabi'atu ta buɗe, ya nuna mata katin tun kafin ya yi sallama. Ta karanta masa abin da ke jiki da Larabci, ta ce hoton bai yi kyau ba.

Juma'ar da ta biyo baya Gogo da Hajar suka yi tuwon shinkafa da miyar kuka, aka shimfiɗa leda a falon Alhaji, Dawuda ya zo da abokan ɗakinsa da katon ɗin lemo. Da aka ci aka ƙoshi Alhaji Maikuɗi ya share murya. Ya ce jama'a su shaida, a wata ɗaya yaron nan ya gyara doka biyu, ta kasuwa da ta iƙama.

Mustapha ya ajiye cokali. "Baba Alhaji, ta iƙama tana nan tun da, karanta ta kawai aka yi. Kuma garejin kai ka samo shi."

"Ni waya kawai na buga."

"Ni ma takarda kawai na karanta."

"To ku biyun ku yi ta musu," in ji Dawuda, yana jawo kwanon miya gabansa. Sabon maigidansa ya yi masa alkawarin hutu bayan Babbar Salla, kuma tun yanzu ya fara tunanin tsaraba. Ya juya wajen ƙofar kicin ya ɗaga murya. "Gogo, yarinya mai shekara biyu, wane irin takalmi aka saya mata? Ni ban san girman ƙahwarta ba."

Gogo ta leƙo ta ce ya kira Delou ta auna da zare ta faɗa masa, kuma ya sayi wanda ya ɗan fi, don yara ba sa jira. Dawuda ya goge hannu, ya ɗauki wayarsa, ya fita baranda inda ta fi kamawa.